Ku ƙyale saniya da gyatsarta, ku faɗa mana wanda ya cinye burtali

Kwanakin baya an gayyace ni wani taron ƙara wa juna sani a wani otel nan cikin birnin Damagaram. Irin tarukan nan ne da kuka sani: ruwan gora a kan tebur, sanyi na busawa, a ƙarshe a sa hannu a karɓi na mota. Batun sauyin yanayi ake yi. Mai gabatarwa, wani matashi mai ilimi wanda ba ni da wata rigima da shi, ya haska hoto a bango. Jar saniya ce mai dogayen ƙaho, irin ta Bororo, an zana kibiya daga bakinta ta nufi sama, a ƙarƙashi an rubuta kashi 14.5 cikin ɗari. Ya ce wannan shi ne kason dabbobi a cikin iskar da ke ɗumama duniya. Maganin kuwa, in ji shi, a rage garke, a daina yawon kiwo, a killace shanu wuri guda kamar yadda ƙasashen da suka ci gaba suke yi. Aka tafa. Wanda ke zaune kusa da ni har da jinjina kai, alhali na san ragunan turka uku ne ɗaure a ƙofar gidansu. Da aka tashi cin abinci kuma, tiren nama ne ya fara ƙarewa.

Na ɗaga hannu, aka ce lokaci ya ƙure. To ga shafinmu, nan ba mai karɓe mini makirfo.

Bari in fara da abin da ya faɗa daidai, don kar wani ya ce na zo musun ilimi. Saniya, tunkiya, akuya da raƙumi, duk dabbar da ke tuƙa, tana da ƙananan halittu a tumbinta da ke narkar mata da haki. Cikin wannan aikin ne iskar metan ke fita, kuma mafi yawanta ta baki take fita, ta gyatsa. Metan ba ta daɗewa a sama kamar hayaƙin kabon, shekara goma sha biyu ko kusa da haka ta watse, amma kafin ta watse tana riƙe zafi da ƙarfi: idan aka auna a kan shekara ɗari, ta ninka kabon sau 28. Shi ya sa a taron Glasgo na 2021 ƙasashe da yawa suka yi alkawarin rage ta da kashi 30 cikin ɗari kafin 2030. Kuma a lissafin da Nijar da kanta ta miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya, sama da kashi 80 cikin ɗari na iskar da muke fitarwa daga noma, kiwo da daji take. Duk wannan na yarda.

Amma kashi 80 na me? Na ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ka haɗa gyatsar duk shanun Nijar, ka ƙara da hayaƙin kabu-kabu da na injinan wuta da na matatar mai, ba mu kai ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari na abin da duniya ke fitarwa ba. Hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa da Ba'amurke guda ke jawowa a shekara ya haura na ƴan Nijar ɗari. Shi kuma adadin nan na 14.5, daga rahoton hukumar FAO na 2013 aka ɗauko shi, kuma wanda ya buɗe rahoton zai ga kusan kashi 45 cikin ɗari na adadin daga noman abincin dabbobi da sarrafa shi yake: takin zamani, injina, jigila, da dajin da ake sharewa a ƙasashe irin su Birazil don a shuka waken suya ko a buɗe wa shanu fili. Don Allah wane ɗan Damagaram ne ya taɓa ganin jar saniya a Tasker tana cin waken suyan da jirgin ruwa ya kawo? Wane dajin Amazon aka sare mata? An ɗauko laifin kamfanin nama na wata nahiya an liƙa shi a goshin saniyar da ke tafiya da ƙafarta tana tsintar ƙarangiya, mu kuma muka tafa.

Akwai masu bincike da suka je suka auna irin kiwonmu a inda ake yin sa. A yankin Ferlo na Senegal, kewaye da rijiyar burtsatsen Widu, Mohamed Habibou Assouma da abokan aikinsa na cibiyar CIRAD sun bi shekara guda cur suna lissafin abin da ke fita da abin da ke shiga: gyatsar dabbobi, kashinsu, gobarar daji, gara, injin rijiya, sannan a ɗaya gefen kabon ɗin da itatuwa da ƙasa ke ajiyewa. Sakamakon da suka buga a 2019 ya nuna abin da filin ke ajiyewa ya biya abin da ake fitarwa, har da ɗan rara. Wuri guda ne, ban ce ko'ina haka yake ba. Abin da ya koya mini shi ne ba a auna saniya ita kaɗai kamar mota. Ana auna ta ne tare da filin da take kiwo a kai, da itatuwan da ke tsaye cikinsa.

To nan ne kuma zan ɓata wa wasu daga cikinku rai, ku masu shirin rubuta "Turawa ne suka ɓata duniya, mu ba ruwanmu" a ƙarƙashin wannan rubutu. Da ruwanmu. Lissafin Ferlo yana aiki ne muddin filin na da rai. Namu filayen kuwa mutuwa suke yi a gaban idonmu, kuma ba Ba'amurke ne ke kashe su ba.

Kakata ta wajen uwa ƴar wani ƙauye ce a ƙaramar hukumar Zermu, cikin gundumar Mirya. Can nake zuwa hutu tun ina ƙarami. Akwai burtali da ya ratsa ta bayan garin, kuma na tuna lokacin da garke ke wucewa ta cikinsa bayan damina, mu yara mu hau tudu muna kallo, shanu jere da faɗi, ƙura ta tashi, ba wadda ta taɓa gonar kowa. Bana na koma. Wallahi wani wurin idan amalanke biyu suka haɗu sai ɗaya ta tsaya. Kowace shekara mai gonar dama ya ƙara kunya biyu, na hagu ya ƙara uku, ba wanda ya ce uffan tunda duk ƴan uwa ne. Filin da dabbobi ke sauka su huta, wanda dattawa suka ce a da gamba ce da kyasuwa har su ɓoye ɗan maraƙi, yanzu garmani ne shimfiɗe kamar an shuka shi. Daga nesa kore shar, gwanin kyau a hoto. Ka matso ka ga akuya ma shinshinawa take ta wuce.

Wani dattijon Bafulatani da ya san kakata tun suna yara, muna ce masa Baffa, na tarar da shi a bakin rijiya. Na tambaye shi yadda garmani ya ci filin. Ya ce, "Ɗana, ciyawa ma tana son a ba ta baya. Da mukan ci nan kwana kaɗan mu wuce arewa, kafin mu dawo ta yi ƴaƴa ta zubar. Yanzu ina za mu wuce? Gaba gona, baya gona. Dabbobin gari da namu duk nan muke tun ruwan farko. Mai daɗin ana cinye ta tun tana jaririya, wadda ba a ci ita ce ke haihuwa."

Na zauna cikin taruka da yawa, ban ji wanda ya bayyana lalacewar filin kiwo a taƙaice kamar haka ba. Ruwan Sahel ba ya sauka daidai. Bana ya yi kyau a Tanut ya ƙi a Gure, baɗi ya juya. Dabbar da ke tafiya tana bin inda hakin yake, tana barin inda ta ci ya huta. Dabbar da aka tsare wuri guda tana cin abu ɗaya har saiwa. Ƙasa ta tsiraita, iskar bazara ta kwashe ta, kabon ɗin da saiwoyi suka tara shekaru ya tafi. Ita saniyar kuma ta rame, ta daɗe ba ta ɗauki ciki ba, nononta ya ragu, amma gyatsa ba ta fasa ba. Ke nan kowace ƙwaryar nono da kowane kilon nama sun fi tsada a ma'aunin metan. Mai son rage illar kiwo ga yanayi da gaske, abin da zai fara nema shi ne dabba ta ƙoshi kuma fili ya huta. Yawon nan da mai gabatarwa ya ce a hana, shi ne ke kawo duka biyun. Shi kuwa shingen da yake kira ci gaba, mun riga mun gwada shi ba da niyya ba: gonaki sun yi wa filin Zermu shinge ta kowace kusurwa, ga sakamakon nan, garmani.

Abin takaicin, ba dokoki muka rasa ba. Tun 1961 aka yi doka da ta ja layi ta ce daga nan zuwa arewa ƙasar kiwo ce, wanda ya yi gona can dabba ta ci ba a biyan sa ɓarna. Yau gonaki sun tsallake layin sun yi nisa. A ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa ƙa'idojin dokar karkara, wadda ta haifar da kwamitocin kula da filaye da muke kira Kofo, kuma Mirya tamu tana cikin wuraren farko da aka fara kafa su a 1994, ita da Maine Sorowa. A ranar 20 ga Mayu 2010, bayan shekaru ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN suna fafutuka, aka fitar da dokar kiwo wadda ta ce tafiya da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi, ta kuma hana wani ya mallake filin kiwo na jama'a shi kaɗai. Ƙasashe maƙwabta na yaba mana da waɗannan takardu, ana gayyatar jami'anmu su je su yi bayani. An kashe kuɗi a wannan jiha an kafa turakun siminti a bakin burtali. Je ka duba turakun. Wasu na nan, wasu an tumɓuke, wasu kuma suna tsaye tsakiyar gonar gero kamar an dasa su don korar tsuntsaye.

Wa ke wannan? A nan ne nake so mu matasan birni mu daina leƙen ƙauye kamar abin bai shafe mu ba. Ƙaramin manomi da ya ƙara kunya biyu, na fahimce shi ko da ban ba shi gaskiya ba. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Damagaram ta fi kowace jiha yawan jama'a, sama da miliyan uku da rabi, kuma gonar da uba ya noma shi kaɗai yau ƴaƴa takwas ke raba ta. Amma manyan yankan da ake yi wa hurumi, hekta goma, hekta hamsin, a zagaye da waya a kira shi lambu ko gonar zamani, ba talakan ƙauye ke yi ba. Ɗan kasuwa ne, babban ma'aikaci ne, ɗan siyasa ne, mai mota da takarda mai hatimi. Wani kawun wani ne a cikin masu karanta wannan. Kuma sau da yawa shi ɗin dai shi ne mai shanu ɗari uku da ya ba yaro ɗan ƙwadago ya kora, garken da ba ya bin shawarar arɗo ko garso, ba ya jiran ranar sakin gonaki, in ya yi ɓarna a buga waya a kashe magana. Sai a wayi gari ana zagin "Fulani", alhali mai dukiyar yana cikin birni yana shan shayi.

Sai maganar manjagara, wadda ita ce ta fi kusa da ƙofar gidajenmu. Daga an gama girbi, ku tsaya a kowace hanyar shigowa birni da sassafe ku ƙirga amalanken haki. Daga ina yake? Daga filayen kiwon nan ne ake kankare shi da manjagara har ƙasa. Manjagara ba ta zaɓe: tana kwashe busasshen haki, ta kwashe irin da ya zuba wanda zai tsiro baɗi, ta bar ƙasa tsirara wata bakwai a gaban iska da rana. Saniya in ta ci, ta bar kashi a wurin, ta tattake saura ya shiga ƙasa. Amalanke ba ta barin komai. Hakin ya zo birni, a jibge shi a kan rufi ko a sito, a jira watan Mayu lokacin da dabbobi suka fara faɗuwa, a sayar wa makiyayin da aka kwashe daga gabansa da tsadar da ta ninka. Dokar 2010 ta taɓo wannan, ta ce a tsara yadda ake kwasar haki. Ni dai ban taɓa ganin an tsayar da mai sito ba. Yaron da ke jan manjagara don ya samu na tuwo ba shi nake nufi ba, a nema masa wani aikin. Wanda ke ɗaure kaya yana jiran yunwar dabbobi nake nufi, da mu da muke saye ba tambaya don ragon Layya ya yi ƙiba a ɗauke shi hoto.

Eh, ni ma gidanmu ana turka. Ban tsame kaina ba.

Yanzu bari in nuna muku aikin yanayi na gaske, wanda aka yi a ƙasar nan ba tare da otel ba. Wanda ya bi hanyar Matamaye ko Magarya da rani ya san abin da nake nufi: gawo, gawo, gawo, har iyakar gani, kore a lokacin da komai ya bushe. Ana ba da labari cewa a zamanin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, sare gawo a Damagaram laifi ne da ke iya cin ran mutum. Bayan fari da yunwar 1984, wadda iyayenmu ke kira El-Buhari, manoman Magarya, Matamaye da Mirya suka koma barin ƴaƴan itatuwan da ke tsirowa da kansu a gona, suna sassabe su suna gyara su maimakon tumɓukewa. Shi ne ake kira sassabin zamani, wanda a wajen Maraɗi aka san shi da aikin Tony Rinaudo da manoman da suka yi aiki tare. Masu bincike da suka zo a 2006 sun kiyasta abin ya kai hekta miliyan ɗaya a waɗannan gundumomi uku kaɗai, a faɗin Nijar kuwa ana maganar hekta miliyan biyar da itatuwa wajen miliyan 200. Duniya ta yi ta mamaki.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne hannun dabba a ciki. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana, ya fitar da ganye da ƴaƴa da rani lokacin da dabba ba ta da komai. Dabba ta ci ƴaƴan, ta yi nisa, ta kasayar da irin a wata gona, a cikin takinsa. Ta kwanta a inuwarsa, ta bar taki, gero ya yi kyau a gindin. A da manomi har damin hatsi yake ba makiyayi don ya kwana da garke a gonarsa bayan girbi. Gawo, saniya da gero abu guda ne, kakanninmu sun san haka ba tare da sun ji kalmar kabon ba. Ka cire saniya ka kai ta bayan waya, ka yanke ƙafa ɗaya ta murhu. Ba na ɓoye cewa akwai makiyayan da ke hawa gawon mutane da dare su yi masa aski har ya mutu. Wannan ɓarna ce, a hukunta mai yi. Amma ka tambayi kanka me ya kai mutum sama da gatari a watan Afrilu, in ba don ƙasa an share ta da manjagara ba.

Ga wani abu kuma da ke tafe, gara mu yi maganarsa tun bai iso ba: kuɗin kabon. Kamfanonin da ke ƙona mai a can suna biyan kuɗi a ce an ajiye musu kabon a wani daji ko filin kiwo na Afirka, su kuma su ci gaba da harkarsu. A arewacin Kenya an yi irin wannan a kan filayen makiyaya, ƙarƙashin ƙungiyar Northern Rangelands Trust, kamfanoni irin su Netflix da Meta suka saya. A 2023 ƙungiyar Survival International ta fitar da rahoto tana zargin cewa shirin ya karɓe ikon tsara kiwo daga hannun dattawa kuma ba a nemi yardar jama'a yadda ya kamata ba. A Janairun 2025 wata kotun Kenya ta yanke cewa biyu daga cikin gandayen da ƙungiyar ke aiki da su a yankin Isiolo an kafa su ba bisa ƙa'ida ba. Ban ce duk kuɗin da ya zo da sunan yanayi haram ne ba. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda aka yi wa alkawarin sama da dala biliyan 14 a Paris a 2021, ya ratsa ta ƙasarmu, kuma muna buƙatar kowane dala. Amma duk ranar da mota ta tsaya a ƙauyenku aka ce za a "farfaɗo" da hurumi, ku tambaya: bayan an haƙa rabin wata an shuka, wa zai riƙe mabuɗin? Shekara nawa za a hana kiwo, kuma dabbobin ina za su je kafin nan? An zauna da makiyayin da ke zuwa wata uku a shekara, ko mai gari kaɗai aka gani? In an sayar da kabon, nawa ne, a hannun wa? Na ga filin da aka gyara da sunan jama'a, ciyawa ta dawo, sai ga wani kwamiti na mutum biyar yana yanka yana sayarwa. Gyaran da ya ƙare da fitar da dabba daga filin dabba, ƙwace ne da aka yi masa kwalliya. Kuma ba sai mun je Kenya neman yadda ake yi daidai ba: a dajin Takeita, tun shekarun 1990 aka gwada zaunar da manoma da makiyaya, har da masu wucewa, su tsara amfani da dajin tare.

Wani zai ce, to ai dabbobin sun yi yawa, ko ka musa? A wasu wuraren, a wasu shekarun, ban musa ba. Jiharmu ce ke riƙe da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dabbobin ƙasar nan. Wanda ya ga 2010 ya ga gawarwakin shanu zube a hanyoyin Tanut da Gure, saniyar da aka ƙi sayarwa da daraja a watan Janairu ta koma kuɗin buhun dusa ko ƙasa da haka a watan Yuni. Shekarun ciyawar da ta ci, da metan ɗin da ta fitar, duk sun tafi a banza, ba nama ba nono. Asarar makiyayi da asarar yanayi a nan guda ce. Amma mutum ba ya rage garke don an haska masa hoto. Yana ragewa ne in ya samu labarin ƙarancin haki da wuri, in kasuwa ta ba shi farashi, in akwai inda zai ajiye kuɗin da ya amince da shi kamar yadda ya amince da saniyarsa, in ya san akwai rumbun abincin dabbobi kusa da zai saya a farashin hankali ya ceci uwayen garke. Garke shi ne bankinsa, shi ne inshorarsa, shi ne sadakin ɗansa. Ka ba shi madadi kafin ka ce ya rage. Kuma in za a fara ragewa, a fara da mai ɗari uku na birni, a bar mai goma sha biyu.

Sauran aikin ba sabo ba ne, kuma ba ya ɗaukar hoto mai kyau, shi ya sa ba a son sa. Share layin tare wuta a Tasker da Balbeji da Tanut kafin iska ta taso, domin gobarar dare ɗaya tana cinye abin da garke dubu za su ci wata da watanni, hayaƙin kuma ya hau sama. Tumɓuke garmani kafin ya yi ƴaƴa, a watsa irin ciyawar gida, a yarda a bar wurin ya huta da yardar kowa. Injin niƙa kara a ƙauye, don karan da dabba ke tattakewa ta bar rabi ya zama abinci. Harawar wake da ta gujiya. Allurar rigakafi a kan lokaci. Rijiyoyi a warwatse, don kar dabbobi su taru a baki guda su mayar da kewayensa fako. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana rage metan a kan kowace ƙwaryar nono, kuma ba wanda ke buƙatar a kori kowa.

Af, na manta. A hanyar Tanut, tun 2011, akwai matatar mai da aka gina don tace ganga dubu ashirin a rana, kuma bututu ya tashi daga Agadem har bakin teku a Benin, kusan kilomita dubu biyu. Ban ce a rufe ba, ƙasa na buƙatar kuɗi, mu ma muna hawa babur. Na dai lura a taron nan ba a haska hotonsu da kibiya ba. Saniya ce ba ta da lauya.

Dalilin da ya sa na ɗauki abin da zafi shi ne na san inda irin wannan magana ke ƙarewa. Idan ka koya wa matasan birni cewa makiyayi shi ne mai ɓata yanayi, mai kawo hamada, wanda zamani ya wuce, ka ba mai waya hujja, ka ba mai tumɓuke turaku hujja, kuma ran da rikici ya tashi ka riga ka faɗa wa mutane wane ne mai laifi. A watan Oktoban 1991, a Toda cikin jihar Maraɗi, rigimar gona da dabba ta ƙare da kashe sama da mutum ɗari, mafi yawansu mata da yara na Fulani. Ba a wata ƙasa aka yi ba. Burtalin da ya matse har garke ba ya iya wucewa sai ya taɓa gero, ashana ce a ajiye, kowace kaka ana gwada ta.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma ni zan fara. Mako mai zuwa zan koma Zermu, in je ofishin ƙaramar hukuma in nemi ganin jerin burtali, mashaya da filayen kiwon da Kofo ta yi wa rajista, da faɗin kowanne a takarda. Dukiyar jama'a ce, tambaya ba laifi ba ce. Daga nan in ɗauki igiyar awo, in nemi Baffa da ɗaya daga cikin manoman da ke bakin burtalin, mu auna tare. Abin da na samu zan kawo shi nan, ko ya yi wa dangina daɗi ko bai yi ba, don ɗaya daga cikin gonakin da suka ci burtalin ta kawuna ce. Kowannenku yana da ƙauye. In kun je, ku ɗauko hoton turakun, da inda suke tsaye da inda gona ta tsaya, ku rubuta sunan garin da ranar, ku turo ta akwatin saƙon shafin nan. Kar ku sa sunan kowa, kar ku yi faɗa da kowa. Faɗin kawai muke so, da mita.